Ranar da Lorna ta Buɗe Obin

A wurin cin wake na ranar Asabar, a zauren cocin garinsu da ke gaɓar teku a jihar Maine ta Amurka, Lorna Pelkey ta fara ganin Orrin Beal. Ya shigo rungume da kwandon fofoba, wani irin ƙaramin burodi, kowanne ya tashi ya kumbura, cikinsa fanko sai iska da tururi. Ta ɓara ɗaya ta shafa man shanu, ta dubi hannayensa da baƙin man inji ya zauna a faratan.

"Wa ya gasa maka?"

"Ni da kaina."

"Da waɗannan hannayen?"

Ya yi dariya. Dariyar nan ce ta tafi da ita, har wata shida suka wuce yana kiranta Zumata.

Sai dai Lorna mace ce da ko barka aka yi mata sai ta juya ta ta duba bayanta, kuma a wurin mahaifinta ta gado. Tsohon masuncin ya ƙi zancen auren ƙememe.

"Fulawa da ƙwai da madara ne kawai, amma shekara talatin uwarki ta yi, Allah ya jiƙanta, kafin nata ya tashi haka. Makanikin jirgin ruwa? Akwai macen da ke gasa masa. Wanda ya yi ƙarya a kan abinci zai yi a kan komai."

Ita ma abin yana cin ta, domin Lahadi uku a jere ta ga motar Corinne Alley a ƙofar gidan Orrin, kuma kowa ya san Corinne da iya girki. Ta tura masa saƙo:

"In kai ke gasawa, zo ka gasa a gaban Baba gobe da hantsi. In ba kai ba ne, kada ka zo."

Ya amsa: "Zan zo, Zumata. Ki fito da ƙwai da madara daga firij tun asuba, su huce sanyi."

Ya zo da jakar goyo. Ya kaɗa kwaɓin ya bar shi ya huta, ya zafafa gwangwanayen gashin da ya zo da su a obin, wato tandun kicin, har man da ke cikinsu ya fara tsuwwa, ya zuba. Daidai nan wayar gidan ta yi ƙara, uban ya fita, Lorna ta bi shi da tabarau ɗinsa da ya manta. Da suka dawo obin a rufe yake, jakar Orrin kuma ta koma ƙarƙashin tebur, ta lafe kamar an kwashe abin cikinta.

Gilashin obin ɗin ya daɗe da yin baƙi, ba a ganin komai. Lorna ta kasa zama.

"Me ke cikin jakar ɗazu?"

"Gwangwanayena mana."

"Su kaɗai?"

"Lorna, saura minti ashirin. Ki yi haƙuri."

Duk yaron garin ya san ba a buɗe wa fofoba ƙofa kafin lokacinsa. Amma ita gani take gasassu ya zo da su daga wurin Corinne ya zura, ɗumamawa kawai yake yi. Ta miƙe ta fizgo murfin.

Ga su nan guda shida, farare-farare, sun kai rabin tashi, suna rawa. Iska ta buge su, suka fara lotsawa ɗaya bayan ɗaya a kan idonta, har suka kwanta.

Uban ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanda aka gasa tun jiya ba ya faɗuwa. Yaron nan gaskiyarsa ce."

Orrin bai yi murna ba. Ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Ƙwan kajinta Corinne take kawo mini. Ta so abin ya wuce haka, na ce mata ina da wadda nake so. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki." Ya yi wa Mista Pelkey sallama cikin ladabi ya fita.

Kunya da tsoron rasa shi suka hana Lorna cin abinci kwana biyu. A na uku ta rubuta:

"Na zarge ka ban tambaye ka ba. Ka yafe mini. Na kwaɓa da kaina, suna cikin obin, hannuna yana ƙaiƙayi. In ba ka zo ka riƙe shi ba zan buɗe."

Amsa ta zo nan take: "Zauna a kan hannun. Ga ni nan."

Ya iso saura minti goma, ya riƙe hannayenta biyu har agogo ya buga. Huɗu suka tashi, biyu suka karkace, ya cinye karkatattun.

A watan Yuni aka ɗaura aurensu. Da aka ba Mista Pelkey magana, ya miƙe yana murza hularsa.

"Orrin, halin da 'yar nan ta gwada maka nawa ne, ni zan ba ka haƙuri a gaban jama'a. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa tambayar juna."

Zauren ya amsa da amin, Lorna ta kifa kanta a kafaɗar mijinta tana hawaye.