Babur Mai Lamba Tara

Ta wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe ya fara ganinta. Ta rungume takardar cin gwanjo a ƙirji kamar wadda ta ci jarrabawa, ga farin zare maƙale a hannun rigarta.

"Lamba tara, ni na ci," ta ce da murmushi. "Ga kuɗinku, cif."

Shekara uku yana zaune a ɗakin karɓar kuɗin nan da ko ƙafa ba ya iya miƙewa, yana kashe irin wannan murmushin. Yau ne harshensa ya fara yin nauyi.

"Wannan kuɗin babur ne kawai, 'yar'uwa. Saura kason kamfani, goma bisa ɗari. Da kuɗin takardu. Da na janwe, tunda ba ya tashi. Daga gobe kuma akwai kuɗin ajiya, kullum."

"Wa ya faɗa mini kafin in ɗaga hannu?"

"Yana bayan takardar."

Ta juya ta. Rubutu ne ƙanana kamar tururuwa.

"In na fasa fa?"

"Abin da kika biya ya tafi."

"In na bar shi a nan?"

"Rana ta bakwai a sake masa gwanjo."

"Wato ƙofar shiga kawai kuka gina," ta ce, idonta ya cicciko.

Babur ɗin na Babanta ne. Shekara ashirin yana kai kaya a kansa, da hannunsa yake gyara shi, har ranar da mota ta buge shi. Inshora ta biya asibiti, ta ɗauke babur ta kawo gwanjo. Ƙafar Baba ta warke, amma tun daga nan ya juya kujerarsa ga bango, ya ƙi leƙa ko ƙofar gida. Ita tela ce. Wata biyar ta yi tana taka keke don ta dawo masa da abinsa.

Ta sayar da 'yan kunnenta, suka isa kaso da takardu da ajiya. Kuɗin janwe ne ya gagara, shi ne ma ya fi tsada.

Washegari Mai Taga, kamar yadda ta soma kiransa, ya sassauta murya.

"Akwai layi ɗaya da ba kowa ke karantawa ba. Abin da ya fita ƙofa injinsa a kunne, babu kuɗin janwe. Mai saye yana da awa ɗaya kullum a fili. Bakanike ba ya shiga, mu ma'aikata kuma duk wanda ya taɓa kaya, kora ce."

"Ni tela ce fa, Malam."

"Keken ɗinki ma inji ne, Lamba Tara."

Ta harare shi, amma sai da ta ɓoye murmushi.

Haka suka fara. Kullum da rana, lokacin hutunsa, sai ya tsaya a kanta riƙe da wayarta, ita tana durƙushe da sufana, Baba yana ba da umarni ta wayar daga ɗakinsa a gida. Mutumin da ke wuni bai ce uffan ba, sai ga shi yana daka tsawa.

"Ba wannan ba! Fulogi na ce! Kai mai riƙe waya, matso da ita in ji. Allah ya yi maka albarka, ba irin azzalumin can na taga ba."

"Amin, Baba," in ji Mai Taga, ya sunkuyar da kai. Ita kuwa har da toshe baki don danne dariya.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Lamba Tara, akwai baƙin mai a kumatunki tun rana. Na ƙi faɗa miki don ya yi miki kyau."

Ta mayar: "Mugu. Nawa ne kuɗin kallo? Ko shi ma yana bayan takarda?"

"Naki kyauta ne. Ni ne dai na shiga inda babu ƙofar fita."

Rana ta huɗu Baba ya ga sunan da ta sa a wayar.

"Mai Taga? Wanda ke yankar mu kullum? Ki goge shi. Mutumin da ke cin abinci da hawayen mutane ba zai taka mini gida ba."

Ta kasa cewa shi ne mai riƙe waya. Tsoro take kada Baba ya daina magana gaba ɗaya.

A ranar kuma wani dillalin kayan gyara, mai zobe a kowane yatsa, ya tare ta a ƙofa.

"Ƙanwata, bar wahalar da hannun nan. Zan biya janwe, in ɗauki injin, ke ki ba ni lambarki."

"Injin kake so ko lambar?"

"Duka biyu."

"Duka biyu ba na sayarwa ba ne."

Rana ta biyar ta tarar da jar takarda a tankin babur: za a sake gwanjo jibi da ƙarfe biyu. A ƙasa, sa hannun Mai Taga. Ba ta jira shi ba, ta jingina wayar da dutse ta yi aikinta ita kaɗai.

Ya rubuto: "Dole aka sa ni, wallahi. Hannuna ya rubuta, zuciyata ba ta sa hannu ba."

Ba ta amsa ba. Washegari ya sake: "Lamba Tara, ko zagina ne ki yi."

Ta sandunan taga ya riƙa hangen ta, ba shi da ikon ya matsa.

Rana ta bakwai, saura minti goma ƙarfe biyu. Dillali ya riga ya zauna a gaba yana kaɗa ƙafa. Ta buga kiki, babur ya yi tari ya mutu. Ta sake, ya mutu. Zufa ta jiƙa mata wuya.

"Sai an tura!" Baba ya yi ihu ta waya. "Sa giya ta biyu, wani ya tura ki! Ina mai riƙe wayar?"

Ta duba fili. Ma'aikata sun harɗe hannu, babu mai motsi.

Sai ƙofar ɗan ɗakin nan ta buɗe. Mai Taga ya cire katin aikinsa, ya ajiye a bakin taga, ya zo ya ɗauki wayar ya sa a aljihu.

"Hau," ya ce.

"Za su kore ka."

"Na sani. Hau, Lamba Tara."

Ya dafa ƙarfen baya da hannu biyu, ya ruga da ita.

"Kai mai taga!" manaja ya ƙwalla. "Ka taɓa kaya! Ka kori kanka!"

Ta saki kuloci. Injin ya yi gurnani, ya kama, ya cika filin da ƙara. Ta ratsa ƙofa tana kuka tana dariya, hayaƙi na bin ta.

Yana tsaye yana haki sai aljihunsa ya yi magana.

"Mai taga? Kai ne mai riƙe waya?"

"Ni ne, Baba."

"Duk zagin nan kana amsa amin?"

"Da gaskiyarka, Baba."

"To, kawo mini wayar 'yata gida."

Da ya isa, ya tarar da Baba a ƙofar gida, a tsaye, karon farko cikin wata biyar, yana shafa tankin da ya loɓe.

"Yanzu ba ka da aiki," in ji Baba.

"Babu."

"Kuma 'yata kake so."

"Ita nake so, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannun Mai Taga da ƙarfen babur ya yanka.

"Hannun da ya iya tura zai iya riƙe sufana. Gobe da safe ka zo, zan koya maka."

Bayan wata takwas aka ɗaura aurensu, daidai gaban rumfar gyaran babur da Baba da surukinsa suka kafa a ƙofar gida. Amarya ce ta ɗinka wa ango rigarsa, ta bar masa farin zare ɗaya a hannu da gangan.

Ana tsaka da taro wayarsa ta yi ƙara: "Mai Taga nawa, ka ci gwanjo. Saura kuɗin ajiya, kullum, har ƙarshen rayuwa."

Ya ɗago, suka haɗa ido. Ya rubuta: "Na karanta bayan takardar, Lamba Tara. Na yarda."

Baba ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya buɗe muku kowace ƙofa."

Jama'a suka amsa da amin, muryar ango ta fi ta kowa.