Koren Maɓallin Injin Yanzu-Yanzu

Na daɗe ina gyaran wutar injina, kuma babu irin ƙazantar da ban tsoma hannu a ciki ba: mushen ɓera a kan taransifoma, fitsarin mage a cikin wayoyi, tsohon mai da ya daskare ya yi tsami. Duk waɗannan sabulu na fitar da su. Abin da na taɓo a cikin injin Yanzu-Yanzu kuwa, har yau in na tuna shi sai na ture kwanon abinci.

Yanzu-Yanzu ɗan aminina ne. Ubansa ya rasu ya bar masa shago a layin masu aikin ƙarfe, da wani tsohon injin gurzar ƙarfe mai kukan jaki, wanda ya ciyar da gidansu shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Sunan nan masu kawo aiki ne suka laƙaba masa, don ko me ka kawo sai ya ce maka yanzu-yanzu, kai kuma ka yi ta zarya har takalminka ya cinye. Ba rago ba ne, raina sana'ar ubansa yake yi. In ya bi ta gaban manyan shaguna masu injin kwamfuta, wanda ake ba shi zane a allo ya yanka ƙarfe da kansa, sai ya tsaya yana haɗiyar yawu. Baba yake ce mini, ni ma ɗa na ɗauke shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ashe wajen wani boka ya je neman arziki. Zancen bokan daga bakinsa na ji, can daga baya, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Da rana tsaka ya je. A bayan mayanka, inda kwatar jini ke gangarawa ta taru, akwai tsohuwar tankar mota da aka yasar, an fafe mata ƙofa a gefe. A ciki bokan yake zaune. Ya ce zafin wurin kamar cikin tanda, ƙudaje sun rufe bango har ba a ganin tsatsa, an jera ƙoƙunan kan dabbobi a kan jan ƙyalle, kowanne an cusa masa gashi a baki. A tsakiya akwai wata tukunya da aka rufe da ɗanyar fata, fatar tana ɗagawa tana sauka a hankali. Mai hankali daga bakin ƙofa zai juya. Shi cire takalmi ya yi ya durƙusa.

Bokan bai ɗago kai ba ya tambaye shi abin da ya kawo. Ya ce rago, in bai isa ba bijimi.

"Wanda zan ba ka ba ya cin rago," in ji bokan. "Injin zai zo, aiki zai zo har ka rasa inda za ka sa shi. Amma in ya ji yunwa zai rufe ido, ba mai buɗe shi sai hannun ɗan gidanka."

"To, me zai sami mai hannun?"

"Tambaya ka zo yi ko karɓa?"

Sai Yanzu-Yanzu ya ce, "In ni na kunna fa?"

Bokan ya yi murmushi, bakinsa ba haƙori ko ɗaya. "Kai ba ɗan gidan ba ne?"

Ya tsaga masa ɗan yatsa ya ɗiga jinin a tukunyar, ya zaro wani ƙulli na fata, ɗumi a jike, ya ce ya ɓoye shi a cikin injin inda wuta ke shiga. Ku lura, yaron nan ya ji amsa. Ba a ɓoye masa komai ba sai abin da shi ya ga dama ya ɓoye wa kansa.

Ba a jima ba wani kamfanin famfunan ruwa ya ba shi babban aiki, injin kuma ya iso a bayan tirela, ya cika rabin shagon. Ni aka kira na ja masa wuta. Na gama, na ɗaga babbar bireka, wato makunnin da ke ba injin wuta gaba ɗaya, da ke jikin akwatin wutar a bayan injin, na zagayo gaba na danna koren maɓallin da ke kunna allo. Shiru. Allon baƙi ƙirin.

Aikinmu yana da tsari, daga bango ake farawa a bi wuta har inda ta tsaya. Na auna layukan wuta uku da ke shiga injin, duk sun cika. Na duba fiyus, lafiya lau. Na murɗa jan maɓallin gaggawa ko wani ya danne shi garin saukewa. Na auna ɗan akwatin da ke ba allo wutarsa, mita ta nuna daidai. Ina cikin sosa ƙeya sai ga Yanzu-Yanzu ya shigo riƙe da hannun mahaifiyarsa, tsohuwar da ta yi masa wanki har ya girma, yana ce mata ta zo ta sa wa injin albarka. Tana dariya tana cewa ita me ta sani, ta danna koren maɓallin. Allon ya kawo haske, fankoki suka ɗauka. Muka yi ta tsokanarta cewa za ta ƙwace mini sana'a, ni kuma na ce a raina wata waya ce ba ta zauna ba.

Ba ta ga sabon wata ba. Yatsan ne ya fara baƙi, likita ya ce ciwon suga, aka yi jana'iza aka watse.

Arziki kuwa ya zo kamar an ɓalle famfo. Injin ba ya hutawa, motoci na layi a ƙofar shago, Yanzu-Yanzu ya rushe gidan ubansa ya tayar da bene, ya yi tumbi, ya koyi amsa gaisuwa da hanci. Tsohon injin ubansa ya sayar wa 'yan gwangwan. Abu ɗaya na lura da shi: ko an tashi aiki, ba ya yarda a kashe injin.

Da allon ya sake mutuwa aka kira ni. Na bi wuta tun daga bango, ban sami laifin komai ba, sai wani ɗoyi da na ɗauka na ruwan sanyaya ƙarfe ne da ya lalace. Ni na danna, ma'aikata suka danna, ko gezau. Sai ya aika a kira ƙanensa, wanda ke koyarwa a makaranta, wai ya zo ya karanta musu abin da littafin injin ya ce. Yaron ya danna a kan hanyarsa ta wucewa, allon ya kama. Ba a jima ba aka tsinci gawarsa a aji, kansa a kan tebur, alli a hannu.

Na uku matarsa ce, ta kawo masa abincin rana. Ita ba ta mutu ba. Tana nan a ɗakin baya a gidan yayarta, tana bin bango tana danna shi da yatsa, har naman yatsan ya cinye, in an ɗaure hannun sai ta yi da goshi. Mutane suka yi ta tausaya wa Yanzu-Yanzu, wai Allah na jarraba shi. Ni ma har da ni a masu ba shi haƙuri, don wa zai kawo wa ransa irin wannan?

Saura 'yarsa guda, yarinya mai wushirya da ba ta daɗe da shiga makaranta ba, wadda in ta gan ni sai ta ce Kaka ya zo da jakar wayoyi.

Ranar da allon ya mutu karo na huɗu, da hantsi aka kira ni, shi ba ya nan. Na rantse yau sai na ga ƙarshen abin. Na sauke babbar birekar, na sa mata ɗan kwadona, na jefa makullin a aljihu. Haka muke yi, duk wanda hannunsa ke cikin inji, makullin wuta na jikinsa. Tunda komai ya nuna lafiya, sai na zargi koren maɓallin kansa. Gwajin sananne ne: a ɗauki guntuwar waya a haɗe ƙafafunsa biyu ta baya, yadda da an ɗaga bireka allon zai kama ba sai an danna komai ba. Na haɗa. Kafin in mayar da wuta, na ce bari in bi ɗoyin nan, don ya fi ƙarfi a cikin akwatin.

Na ɓalle murfin hanyar wayoyi, na zura hannu can ƙasa, na taɓo abu mai laushi. Na jawo shi. Ƙullin fata ne, ya kumbura ya kai girman kan jariri, yana naso, tsutsotsi na zuba daga ɗinkinsa. An naɗe shi da furfura, da guntun alli, da ɗan kunnen mace guda. Babu wuta a injin, amma abin da ɗuminsa, yana kuma motsi a tafin hannuna. Na san furfurar nan, na san ɗan kunnen. Na yar da shi na fita da gudu, na durƙusa a bakin kwata na yi ta amai.

Da na dawo na tarar da Yanzu-Yanzu a gaban allo. Ya ɗauko yarinyar daga makaranta, da kayan makarantar a jikinta, ya ɗaga ta sama yana ce mata ta danna koren nan ya saya mata keke. Ta danna, ta sake dannawa. Ba abin da ya faru, tunda wutar na kulle. Na fizge ta daga hannunsa na mayar da ita bayana.

"Baba, ba ni makullin," ya ce. Ko kunya babu a idonsa, sai gumi.

"Na ga abin da ka ajiye. Uwarka, da ƙanenka, da matarka. Yanzu kuma wannan?"

"Aikin mutane na jira, Baba. Ka san nawa nake asara in injin ya kwana?"

Na tofar da yawu a gabansa, abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya ɗauki guduma ya zagaya bayan injin. Niyyarsa a fili take: ya fasa kwadon, ya mayar da wuta, ya dawo ya ƙwace yarinyar daga hannun tsoho. Na ɗaga murya na ce kada ya taɓa birekar nan, aikina na ciki ban gama ba. Ya ce in rufe masa baki. Na ji kwadon ya faɗi, na ji ƙarar birekar ta hau.

Allon ya kawo haske. Fankoki suka ɗauka.

Ya leƙo daga bayan injin yana kallon yarinyar da ke maƙale da rigata, nesa da maɓallin, sannan ya kalli allon, sannan ya kalli hannunsa. Ban taɓa jin namiji ya yi irin kukan da ya yi ba.

Shi ba a yi masa da sauri ba. Daga yatsu ya fara, baƙin ya hau zuwa gwiwar hannu. Aka yanke, ya ci gaba daga inda aka yanke. Injin kuma ya koma ɓata aiki, yana karya wuƙaƙe yana huda ƙarfe inda ba a ce ba, har masu kawo aiki suka gudu, ma'aikata suka bi su. Benen ya tafi a kuɗin asibiti. Ya koma wajen tankar, ya tarar ba kowa sai ƙudaje. Ƙarshe a cikin shagon ya kwanta a kan kwali, kusa da injin da ko 'yan gwangwan sun ƙi saye saboda ɗoyi.

Na je duba shi sau ɗaya, albarkacin ubansa, na toshe hanci da hula. A nan ya ba ni labarin bokan tun daga farko. Na zauna ina jira ya ambaci uwarsa, ko ya nemi gafarar Ubangiji. Sai ya juyo da idanun nan da suka faɗa rami ya ce, "Baba, da ka bari ta danna. Yarinya ce fa, da na haifi wata."

Na tashi na fita, ban waiwaya ba. Da ya mutu sai da aka yi hayar masu wanka, don ba wanda ya iya shiga ɗakin.

To, ku samari masu tsayawa a ƙofar shagon wani kuna haɗiyar yawu, da ku nake. Duk wanda ya ce zai ba ku arziki yanzu-yanzu, ku tambaye shi wa zai biya, in ya yi murmushi ku sa takalmanku ku gudu. Kwaɗayi ba ya tsayawa a kan baƙo, mutanen gidanku yake fara ci, kuma tun kafin ya kai ga naman mutum ya riga ya cinye zuciyarsa. Allah wadaran dukiyar da za a miƙa mata uwa.

Yarinyar tana gidana, tare da jikokina take zuwa makaranta. Ba ta san komai ba, ba kuma za ta ji daga bakina ba. Da magariba ita ke rigan kowa hawa kujera ta kunna mana fitilar tsakar gida, ta sauko da yatsunta goma lafiya lau. Har yanzu takan tambaye ni keken da babanta ya yi mata alkawari.