Goyon da Aka Yanke a Kyamara ta Uku

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Badaru mai bidiyo. Matarsa Jummai tana tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwon shinkafa, ta yi tsaki, ta ce yaran unguwar nan sai dai Allah ya shirya. Na biyu ya faɗo, wani ya bi bayansa. Hidaya, 'yarsu tilo da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba, ta tsinto ɗaya ta kawo wa uwar. Dutsen a jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali rabon Minna da ruwan sama an daɗe. Jummai ta saki muciya ta ce a kira mata maigida.

Badaru yana ɗakin zaure, inda ya mayar wajen aikinsa. Mutum ne mai ji da kansa, kuma gaskiya ya iya aiki. A shekarar nan ta dubu biyu da goma sha biyu, 'yan bidiyon garin da yawa kyamara ɗaya suke ja, shi kuwa uku yake kafawa a biki. Ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a hannun abokin aikinsa, ta uku ya tsayar da ita a kan ƙafafunta can nesa tana kwasar filin gaba ɗaya. Kafin a fara sai ya tsaya a gabansu ya yi tafi guda, da ƙarar tafin nan yake daidaita su a kwamfuta. Idan ya dawo gida ya jera hotunansu gefe da gefe a fuskar kwamfuta, taga uku, ya riƙa zaɓar wadda ta fi kyau a kowane motsi.

Abin da ya fi fasa masa kai shi ne girman hoton sababbin kyamarorin. Faifan da mutane ke sawa a talabijin ƙaramin hoto yake ɗauka, na waya ma ya fi ƙanƙanta. Saboda haka Badaru yana iya jawo tsakiyar hoto kusa, ya zubar da gefe da gefe, kuma hoton bai dushe ba. 'Yan cin arziki, yara masu majina, tsoho mai gyangyaɗi, duk haka yake yi da su. Yakan ce wa abokansa, a hotonsa ba mai tsayawa inda bai so ba.

To, a watan da ya gabata ya ɗauki bikin Kafayatu, 'yar Alhaji Ndayako, wani Banufe mai gida can wajen dam ɗin Tagwai. Da ya zauna haɗa aikin, ya zo daidai inda amarya ta ɗaga mayafi ta yi murmushi. A kyamara ta uku akwai wata mata doguwa tsaye kusa da ita, ba ta sa anko ba, hannunta ɗaya a kafaɗar amarya, da goyo a bayanta. A taga ta farko da ta biyu, daidai wannan lokacin, babu kowa a wurin sai kujera.

Ya gani, wallahi ya gani. Ya mayar baya ya sake kallo. Amma murmushin amarya a ta ukun ya fi fitowa, shi kuma ba ya barin abu mai kyau. Ya ce wa ransa wani ne ya tare ta a sauran. Ya jawo amarya kusa har ta cika hoton. Matar ba ta yankuwa saboda hannunta na jikin amarya, sai bakin hoton ya sauka daidai ƙeyarta: ita tana ciki, goyon yana waje. Ya buga faifai, ya matse wani ƙarami na waya ya bai wa ƙawayen amarya. Kafin a ce me, sun watsa shi ta bulutut, waya zuwa waya.

Da Jummai ta nuna masa dutsen, ya juya shi a hannu ya ce ta daina sa wa kanta tsoro. Amma jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara, a yi sallar isha'i ya ɗauke. Daga nan aka shiga jin kukan jariri daga lasifikar ɗakin zaure, ga shi an ɗauke wuta, kwamfuta a kashe. Kuka ne siriri, na yaron da ya gaji da kuka. Badaru ya zare wayoyin lasifikar daga jikinta, kukan ya ci gaba. Ranar da ya fito, tuwo ma bai iya ci ba.

Sai abin ya koma kan Hidaya. Yarinya mai surutu kamar kanari ta yi shiru. Wata magariba suka same ta a tsakar gida ta ɗaura zani a ƙirji irin na masu goyo, tana jijjiga bayanta, ba komai a cikin zanin. Ƙafafunta a jiƙe har gwiwa. Jummai ta matsa a hankali ta kira sunanta. Yarinyar ba ta dube ta ba, sai ta zuba wa uban ido.

"Ina goyona?" in ji ta.

Muryar ba tata ba ce. Murya ce ta babbar mace, mai kauri, da karin Hausar Nufawa, wadda Hidaya ba ta taɓa yi ba. Yarinyar ta nufi ƙofa, Badaru ya riƙe ta, ta watsar da shi kamar buhun dusa. Sai da maƙwabta maza suka shigo aka danne ta. Da ta lafa, suka tambaye ta ina za ta, ta ce ruwa ake kiranta.

Jummai ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana kuka, ta ce, "Baban Hidaya, ka san wani abu. Tun ranar dutsen nan na ga fuskarka. Ita kaɗai Allah ya ba mu."

Washegari da la'asar ya je ya ɗauko Malam Zikrullahi, wani dattijo mutumin Bida da aka sani da ruƙiyya. Malam bai zo da komai ba sai carbi da buta. Ya sa aka rufe Hidaya da babban mayafi, uwar ta riƙe ta ta baya, ya zauna ya fara karatu ba gaggawa. Rana tana sauka, inuwar katanga tana cin tsakar gida. Kaji suka shige akurki. Dutse ya faɗo a kwano, Malam bai ɗaga kai ba. Can yarinyar ta sandare, ta yi wani gurnani.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ba da kai nake ba, Malam. Ka daina ƙona ni."

"Musulma ce ke?"

"Musulma ce."

"To me ya kawo musulma jikin 'yar mutane?"

Ta yi dariya mai ɗaci. Ta ce ita aljana ce, a bakin ruwan Tagwai take tun kafin a tare shi. Gidan su amarya maƙwabtanta ne, kakar amarya ba ta taɓa zubar da ruwan zafi ba tare da ta yi bisimilla ba, shi ya sa ta je sa albarka. Ta tsaya inda ba ta tare wa kowa ba. Ɗaya daga cikin idanun ƙarfen nan ya kama ta, ta ƙyale.

"Sai wannan," ta nuna Badaru da haɓa, "ya zauna a ɗakinsa ya sa wuƙa tsakanina da ɗana. Ina cikin wanki na ji bayana ya yi sakayau. Na shafa, zani kawai. Ina jin kukansa, ba na ganinsa. Ka tambaye shi, Malam, ko bai gan mu ba."

Malam ya juya. Badaru ya sunkuyar da kai. Malam bai san kan kwamfuta ba, amma ya yi tambayar da ta dace: abin da aka yanke, ina yake zuwa?

"Allah ya gafarta Malam, ba ya zuwa ko'ina. Babban hoton yana nan a rumbun kwamfuta. Gefen ne kawai ba ya fita a ƙaramin."

"To tashi ka mayar mata."

Aka tayar da janareta, aka jawo kwamfutar bakin ƙofar zaure inda kowa zai gani. Badaru ya nemo wurin, ya saki hoton ya koma faɗinsa. Amarya ta ja baya ta ƙanƙance, filin biki ya buɗe, ga matar, ga goyonta. Hoton a tsaye yake, ba a kunna shi ba, amma jaririn ya juyo da kai ya dubi mutanen tsakar gida. Kukan da ke cikin lasifika ya yanke. Hidaya ta kai hannu baya ta shafa, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Malam ya ce, "Alhamdulillahi. An mayar miki. Sai ki fita."

Ta ci gaba da jijjigawa. Sai kuma fuskarta ta murtuke, ta sake shafa bayanta.

"Ya tafi," in ji ta. "Wani ya kunna."

Nan Badaru ya gane. Faifan biki ana iya bin gidaje a karɓo. Amma ƙaramin na waya fa? Yana Bosso, yana Tunga, ƙila ya kai Bida da Kontagora. Duk sanda wani ya danna shi don ya ga murmushin amarya, yaron zai ɓace daga bayan uwarsa har sai an gama kallo.

"Ka gani ko, Malam? Ɗana ya zama abin wasan yara, a ɗauke a mayar. To ni ma zan tafi da tasa. In ajiye ta a ƙasan ruwa, ran da na ga dama ya ji muryarta."

Jummai ta ƙanƙame 'yarta. Malam ya ɗaga murya a karon farko. Ya ce ta ji tsoron Allah, rai ba ya ɗaukar laifin wani rai, yarinyar nan ba ta taɓa kyamara ba. Ya koma karatu da ƙarfi, jikin Hidaya ya shiga karkarwa, aljanar tana ihu amma ta ƙi saki. Jini ya fara ɗigowa daga hancin yarinyar. Badaru ya kasa jurewa.

"Ni na yanka," in ji shi. "Ki sake ta, ki yi da ni."

"Yi shiru, Badaru, ba a ciniki da su," in ji Malam. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ihun ya tsaya cak. Ta dube shi a natse, har da ɗan murmushi, kuma wannan murmushin ya fi ihun ban tsoro.

"Na karɓa. Ba zan makantar da kai ba, ka ci abincinka da idonka. Abu ɗaya kawai zan yanke daga ciki. Ran da bidiyo na ƙarshe ya goge daga wayar mutane, in mayar maka."

Malam ya sa ta rantse ba za ta sake kusantar yarinyar ba, ta rantse. Ta yi sallama. Hidaya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. A masallacin unguwa ladan ya fara kiran magariba, kuma ba dutsen da ya faɗo.

"Umma, ƙishirwa nake ji," in ji Hidaya da muryarta ta gaskiya. "Baba, me ya faru?"

Badaru ya ɗago da murna zai rungume ta. Ya ga Malam, ya ga buta, ya ga tabarma. Ya ga Jummai tana kuka, hannuwanta a zagaye da babu. Ya murza ido ya sake dubawa. Ya juya kai hagu, ya juya dama, kamar mai neman inda hoto ya ƙare.

Tun daga ranar Hidaya lafiyarta ƙalau, ta koma makaranta, surutunta ya dawo. Kowa yana ganinta ban da ubanta. Ya gwada madubi, ya gwada kyamarorinsa duka ukun. Wasu su ce ga ta nan ta fito tas, shi bango yake gani. Malam ya yi iya yinsa, a ƙarshe ya ce masa da bakinsa ya bayar.

Badaru ya karɓo fayafayan duka ya ƙona, ya buga wa Alhaji Ndayako sabo da hoton a buɗe. Na waya kuwa sai yawon nema. In ka shiga Kasuwar Kure ka ga wani mutum yana bin rumfunan masu cajin waya da masu tura waƙoƙi, yana roƙon mutane su duba ko suna da bidiyon wani tsohon biki, shi ne. Wasu su goge, wasu su yi masa dariya. Wasu kuma, da yake ɗan Adam ɗan Adam ne, da suka ji akwai aljana a ciki sai suka ce a tura musu.

Da yamma yakan dawo ya zauna a tsakar gida, ƙafafunsa duk ƙura. Sai ya ji takunta, ya ji an ajiye kwano a gabansa.

"Sannu da zuwa, Baba. Yau an samu?"

"An samu kaɗan. Matso nan."

Ta durƙusa. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kanta, ya shafa kitson, ya sauko goshi, ya auna kafaɗarta da tafinsa.

"Jummai," in ji shi, "kamar ta ƙara tsawo ko?"

Jummai ta ce ta ƙara. Ya ce ta faɗa masa da wa take kama yanzu.