Biyun Mama

"Mama! Biyu kuma?!"

Auta ta tsaya a bakin ƙofa da bokitin wanki a hannu, ta kasa shiga ta kasa fita. Mahaifiyarta na zaune a bakin gado, ƙafar hagu cikin robar ruwan sanyi, ta cije gefen zani, gumi na bin wuyanta. A kan cinyarta littafin asibiti ne a buɗe, ta gama zana lamba biyu tsaf, har da lanƙwasa mata wutsiya.

"Ki rage murya, ni ba kurma ba ce."

"Kuka fa kike yi!"

"Gumi ne."

"Ta ido?"

Auta ta dire bokitin ta fizgi littafin. Jiya biyu. Shekaranjiya biyu. Ta buɗa baya, ta ƙara buɗawa... mako bakwai cur, biyu, biyu, biyu, kamar an buga hatimi.

Shekara huɗu ke nan da Mama ta zame a banɗaki ta karye a idon sawu. Ƙashi ya haɗe tuni, hoto ya nuna garau, amma ciwo ya ce bai ga wurin zuwa ba. Ƙafar na ƙuna kamar an zuba garwashi, ko zanin gado ya goge ta sai Mama ta zabura. Bayan an gaji da yawo aka tura su sashen binciken ciwo mai daɗewa, inda ake gwajin wani sabon magani. Aikin marar lafiya ɗaya ne: ta sha ƙwaya, kullum ta rubuta ƙarfin ciwonta daga ɗaya zuwa goma.

A nan Auta ta haɗu da Likita, mutum mai tabarau da haƙurin da har haushi yake ba ta. Shi ne mutum na farko da bai ce wa Mama ciwon a ranta yake ba.

"Kun san ƙararrawar mota, Mama?" ya ce a ranar. "Ɓarawo ya taɓa ya gudu tuntuni, ita tana ta ihu. Haka jijiyar ƙafarku take. Mu hanyar kashe ihun muke nema."

Mama ta yi hawaye don an yarda da ita. Auta kuwa ta koma gida zuciyarta ba a inda ta bar ta ba. Kafin wata uku maganar aurensu ta kai gaban Kawu, ƙanin marigayi mahaifinta.

"Me ya sa, Mama?" Auta ta durƙusa, haushi da tausayi suna kokawa a muryarta.

"Yaron nan shekara shida yana kan maganin nan. Ni zan rubuta masa tara in ɓata masa aiki? Surukina? Da wane ido zan kalle shi?"

"To ai ƙarya kike rubuta masa!"

"Kara dai nake masa. Kuma idan kika faɗa masa, ban yafe ba."

Innalillahi! Auta ta dafe kai. Duniya akwai masu taurin kai, amma idan Mama ta kafe, gara ka je ka lallashi bango.

Kwana biyu ta yi tana haɗiye maganar. A rana ta uku sai ga Mai Kemis, ɗan Gwaggo, ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare kamar ya faɗa cikin kwalba. Tun Auta na sakandare yake bin ta, tun lokacin take ce masa a'a, shi kuma yana jin "sai anjima". Ya tarar da Mama tana murƙususu, littafin a gefen filo. Ya karanta, ya yi murmushi, ya zaro waya ya ɗauki hoto.

Kafin la'asar Gwaggo ta cika gidan da murya.

"Ɓeran gwaji ya mayar da matar yayana! Mace na ihu, shi yana sa a rubuta biyu don a yaba masa! Wannan za a ba wa 'yarmu?"

"Gwaggo, ba shi ya..."

"Rufe min baki! Ga ɗan'uwanki mai kemis guda, shi bai san magani ba?"

Auta ta waiga ta kalli Mama. Mama ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zani. Kawu ya aiko cewa a dakatar da maganar aure, kuma Likita ya zo ranar Asabar ya yi bayani. Mai Kemis ya ƙara da cewa shi ma zai kai hoton gaban shugabannin asibiti, saboda Allah kawai.

Washegari Auta ta faɗa ɗakin binciken Likita a asibiti ko sallama ba ta gama ba. Firji na ƙugi a lungu, cike da ƙananan kwalaben jini masu lamba. Likita na gwada wasu siraran zarurruka irin na buroshi, waɗanda ake taɓa ƙafar marar lafiya da su.

"Zuciyata! Lafiya?"

"Kar ka ce min zuciyarka!" Ta wurga masa littafin. "Kai wane irin likita ne? Mace ta shigo tana ɗingishi, ta ce maka biyu, ka washe baki ka rubuta?"

Ya buɗe littafin, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne na gaskiya?"

"An hana ni faɗa."

"Auta..."

"An ce ba a yafe min ba! Ni dai na kawo littafi, ban ce komai ba. Kana da ido, har da tabarau a kai!"

Ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa laka.

"Na ga ɗingishin," ya ce. "Na gani, na kawar da kai, don ina son biyun nan. Ta fi kowa samun sauƙi a takarda."

"Ka faɗa min kawai, maganin gaske kake ba ta ko na wofi?"

"Ban sani ba. Rabi na shan na gaske, rabi na shan ƙwayar da ba komai a ciki. Sunayen na rufe a wurin wani, don kada son rai ya shiga."

"Ai kuwa ya shiga ta taga!"

Bai musa ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta zo da shirin faɗa na awa guda, mutum ya amsa laifi a minti biyu.

"Yanzu idan aka cire biyun Mama?"

"Sakamakon zai ragu. Ƙila ya ragu sosai."

"Shekara shida fa..."

"Idan ƙarya ta riƙe maganin, wata uwar za a ba wa gobe, ta sha ta ci gaba da kuka."

Auta ta juya baya don kada ya ga idonta. Wallahi son mutumin nan wahala ne.

Ranar Asabar falo ya cika. Kawu a kujerar tsakiya, Gwaggo ta harɗe hannu, Mai Kemis na jujjuya waya. Likita ya shigo tare da wata dattijuwa mai farar riga, ya durƙusa har ƙasa.

"Kawu, ban rubuta lamba ko ɗaya ba. Amma ina da laifi. Ranar da na fara son Auta ya kamata in miƙa Mama ga wani likita, ban yi ba. Jiya na kai kaina gaban kwamitin bincike, na faɗa musu komai. Sun cire ni daga duba marasa lafiya har a gama gwajin. Wannan ita ce shugabar sashenmu, ita za ta riƙa duba Mama."

Mai Kemis ya dubi hotonsa, ya mayar da waya aljihu. An riga shi kai ƙara.

"Daɗin baki!" in ji Gwaggo. "To wa ya rubuta biyun? Aljani?"



Likita ya matsa gaban Mama, bai ɗaga kai ba.

"Mama, babu abin da za ku faɗa ya ɓata min aiki. Da lamba ta gaskiya zan iya yin wani abu. Biyun nan kuwa ta ɗaure min hannu, na bar ku cikin wuta mako bakwai. Ku yafe min."

 Mama ta kalli Auta, ta harare ta sosai, sannan ta kalli ƙafarta.

"Ni na rubuta," ta ce. "Da hannuna."

"Yau fa?" dattijuwar ta tambaya a hankali. "Daga ɗaya zuwa goma?"

"...Tara."

Sai ta fashe da kuka, irin wanda ta shekara huɗu tana ɓoyewa.

"Tara ne! Wani lokacin ma goman ta yi kaɗan!"

Auta ta rungume ta, tana kuka tana faɗa. "Da kin faɗa tun farko, Mama! Haba! Haba!"

Gwaggo ta buɗe baki, Kawu ya ɗaga mata hannu.

"Mutumin da ya kai ƙarar kansa, ban ga abin da zan ƙara masa ba. Maganar aure tana nan yadda take."

Da aka gama gwajin aka buɗe sunaye, ashe maganin gaske Mama ke sha, bai dai karɓe ta ba. Ya taimaki wasu kaɗan, ba kamar yadda aka yi fata ba. Likita ya rubuta hakan yadda yake, ya koma ɗakin bincike neman dalilin da jijiyar wasu ke jin maganin, ta wasu ta ƙi. Ita kuwa shugabar ta sauya wa Mama magani, ta haɗa ta da masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Bayan wata biyar aka ɗaura aure.

Ran da amarya da ango suka zo gaisuwa, sun tarar da Mama a tsakar gida tana shanya, da takalmi a ƙafa biyu. Auta ba ta ko zauna ba ta wuce ɗaki ta ɗauko littafin.

"Yarinyar nan, ko gaisuwa babu?"

Auta ta buɗe shafin ranar, ta tsaya cak.

"Biyar?" Ta ƙanƙance ido. "Mama, kalle ni. Biyar ɗin kara ce?"

"Biyar ce tsakani da Allah. Jiya ma shida ce, ki duba. Shi kuma idan ransa ya ɓaci, ya sha ruwa."

Auta ta waiga. Mijinta ya cire tabarau yana goge ido, yana dariya kamar an ba shi kyautar duniya.

"Kai kuma kukan me kake yi?"

"Gumi ne, zuciyata."

Ta yi tsaki, ta miƙa masa gefen mayafinta.