Tarkon Vern Koskela

Ranar Alhamis ce, dab da faɗuwar rana. Ina wanke kejin mujiyoyi sai na ji wayar ofis tana ƙara. Watana huɗu ke nan ina aikin sa kai a gidan jinyar namun daji da ke bayan garinmu, a arewacin jihar Minnesota ta Amurka, kuma a makon nan ko gaisuwa ba na amsawa da daɗi.

Ranar Talata muka rasa wata 'yar kerkeci. Tarkon ƙarfe ne ya murƙushe mata ƙafar gaba. Kwana tara ina wanke ciwon, ina shafa maganin aidin, ina naɗe shi da shuɗin bandeji, amma ruɓa ta ci ƙashin. Dakta Halvorsen, tsohuwar da ke riƙe da gidan, ita ta yi mata allurar ƙarshe. Ni na haƙa ramin a bayan sito, na binne ta da bandejinta. Ita ce dabba ta biyar da tarko ya kashe mana a kakar nan. Kowa a garin ya san Vern Koskela ke ɗana tarkunan a inda aka hana, amma kullum sai a ce babu shaida.

Na ɗaga wayar. Babu sallama. Wata murya can ƙasa, kamar ta mai mura, ta ce, "Akwai dabba a tarko. Tsohuwar hanyar masu katako, bayan gada." Aka kashe.

Na suri keji da bargo da safar hannu.

"Joelle, ki jira Travis ku tafi tare," in ji Dakta, tana nufin abokin aikina.

"Travis? Yana can ya baje a kujera yana kallon ƙwallo. Kafin ya gano inda ya jefar da takalminsa dabbar ta mutu."

"Wannan zuciyar taki sai ta kai ki inda ba ki so."

"Ta kai ni gaban Vern, Dakta. Shi kaɗai nake roƙo."

Na ja tsohuwar motar gidan na fita. Tun daga kwalta har na sauka kan tsakuwa zagin mutumin nan nake yi a fili, ina dukan sitiyari. Bayan gada hanyar ta tsuke. Rassa suna kartar jikin motar. Na tsaya inda wani icce ya faɗi ya tare hanya, na kashe inji.

Shiru.

A wannan lokacin dajin nan ba ya rasa hankaka ko kurege. Ranar ko ganye bai motsa ba. Sai warin ruɓaɓɓen ganye da sanyi mai shiga haƙori.

Can na ji nishi. Na kunna tocila na bi shi.

Ba dabba ba ce. Vern ne kwance rub da ciki, ƙaton mutum, gemunsa duk ƙasa. Tarko ɗaya ya kama masa idon sawun hagu. Wani ya danne hannunsa na dama. An ja sarƙoƙin biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, an ɗaure a itatuwa, har ya miƙe kamar fatar da aka shanya. Jini ya jiƙa masa wando.

"Wa nake gani haka?" na ce. "Vern! Yau kuma kai ne naman?"

"Yarinya, ki rufa min asiri," ya ce da raɗa. "Ki rage murya."

"Murya? Kwana nawa suke yi a cikin ƙarfen nan suna kuka, kana gida kana shan giya? Mugu, azzalumi! Da ka san haka ne da ba ka kira mu ba."

"Ni ban kira kowa ba. Wayata tana mota." Ya waiga wajen itatuwa. "Kuma ba nan na ɗana su ba. Matso da su aka yi."

A nan na ji warin.

Aidin. Da ƙasar da aka tona ba da daɗewa ba.

Wani abu ya taka busasshen ganye a bayana. Taku uku, sai ja. Taku uku, sai ja.

Na juya da tocilar.

Wata halitta ce tsaye tsakanin itatuwa biyu. Tsayinta ya kai na doki. Gashinta ya cakuɗe da laka, kuma ba gashin dabba ɗaya ba ne: ga na kerkeci, ga jan gashin dila, ga fukafukin gaggafa guda yana reto a kafaɗa. A ƙafarta ta gaba, shuɗin bandeji. Na san ƙullin. Ni kaɗai ke ƙulla shi haka, sau biyu, ta baya.

Hasken tocila bai dawo daga idanunta ba.

Bakinta bai buɗe ba, amma muryar wayar nan ta fito.

"Kin zo."

Muryar ta sake fitowa.

"Ke kika wanke mu. Ke kika binne mu. Zauna ki gani."

Vern ya fara kuka kamar yaro. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, na so in zauna. Wani daɗi ya taso min daga ciki, mai zafi, har yawu ya cika min baki. Na ɗan ja da baya, na ba ta hanya.

Ta matso. Taku uku, sai ja.

Sai Vern ya ɗaga kai ya dube ni. Na san wannan kallon. Shi nake gani kullum a cikin keji, idan an kawo su jina-jina, ba su san ko ceto ne ya zo ko yanka ba. Wata huɗu hannuna ya saba da abu ɗaya in ya ga wannan kallon. Kafin in yi shawara da zuciyata, na riga na taka maɓallan tarkon hannun da ƙafafuna biyu. Ƙarfen ya buɗe.

"Allah wadaran halinka," na ce masa, hawaye na zubo min. "Zare hannunka!"

Kukan da halittar ta yi ba na kerkeci ba ne. Dukansu ne a lokaci ɗaya.

Na faɗa kan tarkon ƙafar. Jini ya sa takalmina na zamewa. Na taka. Ya kuɓuce. Na sake takawa.

Numfashinta a wuyana. Sanyi ƙalau.

"Shi kika zaɓa?"

Ƙarfen ya saki.

Na cusa kafaɗata a hammatarsa, muka yi ta tuntuɓe. Tocilar ta faɗi, ban waiwaya ba. Na tura shi cikin mota, na ja ƙofa. Wani abu ya daki bayan motar har ta ɗaga. Inji ya ƙi. Ya sake ƙi. A na uku ya kama. Na yi baya da gudu, madubin gefe ya tafi da wani reshe, har sai da tayoyi suka hau katakon gada sannan takun ya tsaya.

A asibiti suka yanke wa Vern yatsu uku. Ya gaya wa mutane wai santsi ne ya kwashe shi ya faɗa kan kayansa. Bai taɓa ce min na gode ba, ni ma ban nema ba. Kafin ƙanƙara ta sauka ya sayar da gidansa ya koma wajen 'yarsa a kudu. Ramin bayan sito kuwa na je na duba. Ƙasar tana nan yadda na daddale ta. Ban tona ba.

Har yau ina aiki a gidan. Amma tun daga ranar, duk ɗakin da na shiga sai ya yi tsit. Mujiyoyi, dila, har 'yan kuregen da ake ba madara da sirinji, kowa ya bar abin da yake yi ya kafa min ido har in fita. Ba sa yi wa Travis haka.

Dakta ta lura. Ta ce, "Ai abin so ne, Joelle. Dabbar da ke tsoron mutum ita ke rayuwa a daji."

Na san kallon tsoro, da shi nake wuni. Wannan ba shi ba ne. Fushi suke yi da ni, kuma akwai ranakun da nake ganin da gaskiyarsu.