Rolar Injin Alhaji Salmanu

A shekarun da kuɗin man fetur ya ɓarke, kowane ɗan kwangila a Kano na son kalanda mai hotonsa, Alhaji Salmanu ya kafa ƙaton injin buga takardu a shagon da ke jikin gidansa a Fagge. Kuɗi ya shigo, girman kai ya biyo baya. Mutumin da ko facin keke bai taɓa yi ba, sai ga shi yana cika baki wai babu ƙarfen da ya gagare shi.

Ana nan rolar injin ta cinye, wato doguwar robar nan da ke shafa tawada. Boniface, wani makaniki Ibo a Sabon Gari, shi ya saba canza ta tun injin na hannun mai shi na farko. Alhaji ya ce shi me ya fi shi? Ya sayo sabuwa, ya naɗe hannun riga. Ladan na kiran magariba, gogan naka na kwance noti. Ya fizge tsohuwar ya wurga a kwata, ya ɗaura sabuwa a karkace, ya kunna. Injin ya yi ƙara kamar an taka kyanwa, ya ɗauke.

A daidai lokacin 'yarsa Ummakulsum na tsintar shinkafa a tsakar gida. Farantin ya suɓuce. Hannunta na dama ya ƙandare, yatsun suka dunƙule, babu mai iya buɗe su.

Daga ranar, da zarar rana ta yi ja sai a ji jifa a kan kwano. In an duba, notuna ne masu baƙin mai. Kaji suka daina shiga akurki. Yarinya ta daina magana, hannun kuwa kullum ƙara tsotsewa yake. Alhaji ya ce sanyi ne, a shafa man zafi. Uwar yarinyar, Mero, ta aika Rijiyar Lemo aka ɗauko Malam Isyaku.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Ya zauna ya yi ta karatu a kunnen yarinyar, har inuwa ta rufe tsakar gida. Can sai ta tashi zaune, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki?"

"Shekara ashirin ina cikin rolar injin nan da 'ya'yana. Makanikin Sabon Gari, da ba ya salla irin taku, sai ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ce a gafarta, ya fita ya ba mu lokaci mu koma sabuwar. Wannan kuwa, mai zuwa Makka sau biyu, ko bismilla bai yi ba. Ya murƙushe hannun autata."

Malam ya yi mata tayin rago da turare. Ta yi tsaki.

"Hannu aka lalata, hannu zan ɗauka."

"Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"Gaskiyarka. To, wanda ya yi ya miƙo nasa, in saki nata yanzu."

Kowa ya juya ya dubi Alhaji. Wallahi abin kunya, a hankali hannayen nan biyu suka sulale cikin babbar riga.

"Malam," in ji shi, "a ƙara mata. Ko sa ne zan yanka."

Mero ta durƙusa ta miƙa hannunta. "Ga nawa."

Aljanar ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Mayar da hannunki, baiwar Allah. Nasa ma na fasa, ƙyamarsa nake ji. A tsamo min rolata a wanke, a kai kangon bayan gari. Ba zan ƙara kwana a gidan wannan ba."

Malam ya sa ta rantse. Yarinya ta yi atishawa uku ta zube, yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya.

Da ta buɗe ido, Alhaji ya matso da sauri, ya zaro hannu daga riga zai tashe ta. Ummakulsum ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa.

"Bar shi, Baba," ta ce. "Na ji komai."

Ta juya ta kama na uwarta.