Ƙafa Biyar, Fitila Ashirin

Wata Talata Khairat ta yi sallama a shagon Shamsuddeen da ke Sabon Gari, riƙe da allon lantarki a leda. Shi kaɗai yake wuni a nan, daga shi sai matattun rediyoyi.

"Malam, aikin kammala karatuna ne. Ƙananan fitilu ashirin nake so su kama, amma aisin, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su, ƙafa biyar gare shi. An hana mu ƙara wani."

Shamsu iyakarsa firamare, amma kallo ɗaya ya ga hanya: a haɗa fitilu bibbiyu a juye da juna tsakanin kowace ƙafa da 'yar'uwarta, aisin ya riƙa kunna su ɗaiɗai da saurin da ido zai ga duk a kunne. Aikin wuni guda ne. Sai dai ya dubi fuskarta, ya ji bakinsa ya ce, "Zai ɗau lokaci. Ki dawo jibi."

Duk zuwanta fitila biyu yake liƙawa, ita tana kan benci tana tsokanarsa, "Injiniya sarkin nawa!"

Saura kwana uku a karɓi aikin, ta zo idanu jawur. In ta faɗi, Abbanta zai mayar da ita garinsu Agwada, karatu ya ƙare. Shamsu ya gama komai cikin awa biyu.

Ta dubi fitilun, ta dube shi. "Ashe da gangan ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta fita ba sallama.

Wata biyu bencin ba kowa, kullum sai ya goge shi. Daga bisani ya tura saƙo: "Khairat, na yi laifi. Tsoro na ji ki gama ki daina zuwa. Ni ban iya magana ba."

Sai bayan kwana tara amsa ta zo: "Aikin ya karɓu, na ci. Da ka tambaye ni, ai da na zo ko babu allo. Ka turo manya, Injiniyana."

Abbanta ya ce atafau, mai digiri ba ta auren mai gyaran rediyo. Da ta dage, ya zo shagon da kansa.

"Me ka yi wa 'yata ta yi wata biyu ba ta dariya?"

Shamsu ya durƙusa, ya faɗa masa komai, bai rage ba. Dattijon ya gyaɗa kai.

"Ita ta ɓoye mini wannan, kai ka faɗa. Manyanka su zo Asabar."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Abba ya dafa kan ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ɗana."

Shamsu ya buɗe baki zai ce amin, hawaye suka riga shi.